Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse: Ƙaramar Kwamfutar Tebur da Muryoyin da Ke Mutuwa a Kwalayenmu

Masu karatu da suka saba ganin rubutuna a wannan shafi a kan harshe da ƙa'idojin rubutu ƙila su yi mamakin yadda yau na tsoma baki cikin maganar na'ura. To, a yi mini uzuri, domin Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya jawo ni ga wannan batu shi ne wani kwalin sabulu da wani malamina ya damƙa mini a lokacin da ya ajiye aiki. Kwalin cike yake da kaset-kaset da ya ɗauka da hannunsa a shekarun 1980 a ƙauyukan ƙasar Sakkwato da Katsina: tatsuniyoyin tsofaffi, da kirarin maharba, da hirar maƙera da masaƙa da marina. Da zai miƙo mini sai ya ce, “Ga amana nan. Mu mun yi iyakar ƙoƙarinmu, saura ku.”

Kaset na farko da na saka a wata tsohuwar rikoda, wata tsohuwa ce ke ba jikokinta labari cikin Sakkwatanci tsantsa, irin wanda ake cewa “shina” a maimakon “yana”, da “hwara” a maimakon “fara”. Ba ta kai minti uku tana magana ba sai na ji muryarta ta fara ja, kafin in miƙa hannu rikoda ta cinye zaren, ya cukurkuɗe, ya tsinke. Tsohuwar nan ta daɗe da riga mu gidan gaskiya, kuma babu wani wuri a duniya da muryarta ta saura in ba a kan wannan zare ba. A daren nan ban yi barcin kirki ba, kuma tun daga ranar na ƙudurta cewa sai na kwashe abin da ke cikin kwalin nan na mayar da shi cikin kwamfuta kafin sauran su bi sahu.

Da farko na dogara da kwamfutata ta tafi-da-gidanka, sai ga shi aikin awa shida ko bakwai a jere cikin zafin watan Afrilu ya fi ƙarfinta: ta ɗau zafi, fankarta ta yi ta gurnani, har ta kashe kanta a tsakiyar ɗauka. Na aro babbar kwamfutar tebur irin mai tsayi kamar akwatin lefe, ita kuma ta shanye batirin solar gidana kafin sallar isha'i. Ina cikin wannan tsaka-mai-wuya ne wani ɗalibina ya ce mini, “Malam, me zai hana ka gwada 'yar ƙaramar nan da ake mannawa a bayan allo?” Da ya kawo mini ita na raina ta, domin ba ta fi ƙaramin kwanon sha girma ba. Ashe ƙaramin goro ne da ya fi babban dutse.

Ya kamata in bayyana wa mai karatu abin da nake nufi. Ƙaramar kwamfutar tebur cikakkiyar kwamfuta ce da aka matse a cikin ɗan akwatin da tafin hannu biyu za su iya rufewa. Ba ta zuwa da allon kallo ko madannan rubutu ko batir. Mutum ne zai jona mata nasa. Wadda ta fi fito da wannan samfuri a idon duniya ita ce Mac mini ta kamfanin Apple, wadda marigayi Steve Jobs ya gabatar a birnin San Francisco na Amurka a watan Janairun 2005, a kan dala 499. Faɗinta a lokacin inci 6.5 ne, kaurinta inci 2. Bayan 'yan shekaru kamfanin Intel ya fito da nasa samfurin mai suna NUC, wanda allon cikinsa bai wuce inci 4 a kowane gefe ba, ya kuma ci gaba da ƙera shi har shekarar 2023, lokacin da ya miƙa ragamar aikin ga kamfanin ASUS na Taiwan. A Ingila kuwa, a 2012, aka fito da Raspberry Pi, wadda girmanta bai wuce na katin banki ba, a kan dala 35, da nufin koya wa yara ilimin kwamfuta. Haka nan kamfanonin Dell da HP da Lenovo suna da nasu ƙananan da suke ƙera wa ofisoshi da bankuna, kuma su ne suka fi shigowa kasuwanninmu a matsayin kayan hannu.

Ta yaya aka yi abin da a da ke cika rabin tebur ya koma ɗan mitsitsi? Dalilai uku ne. Na farko, an ɗauko kayan cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, waɗanda dama an ƙera su don su ci wuta kaɗan, aka zuba a cikinta. Na biyu, an yi ban kwana da mazubin faifan CD. Alal misali Mac mini ta daina zuwa da shi tun 2011. Na uku, tsohuwar ma'adanar bayanai mai faifan da ke juyawa ta ba da wuri ga sabuwa da ake kira SSD, wadda ba ta da wani abu mai motsi a cikinta, ga sauri ga ƙanƙanta. Daɗin daɗawa, tun daga 2011 Intel ya fara sanya wani sashe na musamman a cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da lissafin kwamfuta, wanda ba shi da wani aiki sai matse bidiyo da warware shi. A watan Nuwamban 2020 kuma Apple ya fito da nasa furosesa mai suna M1, kuma Mac mini na cikin na'urorin farko da suka zo da shi. Samfurin da ya fito a 2024 mai ɗauke da M4 faɗinsa inci 5 ne kawai, an kuma fara sayar da shi a kan dala 599.

To, me ya shafe mu da wannan tarihi na Turawa? Abin da ya shafe mu shi ne wutar lantarki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun zamanin NEPA har zuwa sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, ba mu taɓa samun wutar da za a dogara da ita ba. An janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da ya sa tayar da janareta ya zama sai wane da wane. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Wannan ne ya sa gidaje da yawa suka koma ga sola, kuma duk mai sola ya san cewa kowane wat lissafi ne.

Bari mu yi lissafin a fili. Bisa alƙaluman da Apple ya fitar, Mac mini mai M1 ba ta kai wat 7 ba idan tana zaune ba ta aiki, kuma ba ta wuce wat 39 idan an ɗora mata aiki mai nauyi. A ce ƙaramar kwamfuta ta ci wat 40, allonta ya ci 25, jimla 65 ke nan. Aikin awa 8 bai fi rabin yunit da 'yan kai ba. Babbar kwamfuta mai katin hoto na musamman kuwa tana iya cin wat 350 ko fiye, wato kusan yunit 3 a cikin awa 8. Batirin da aka saba da shi a gidajenmu, mai bolt 12 da amfiya 200, idan ana son ya yi ƙarko rabin abin da ke cikinsa ake sha, wato kimanin yunit ɗaya da ɗan ɗori. Wannan zai riƙe ƙaramar fiye da awa 12, amma babbar da ƙyar za ta kai awa 3. A wurin wanda ke son kammala aiki bayan yara sun yi barci, wannan bambanci shi ne tsakanin aikin da aka gama da wanda aka bari sai gobe.

Sai maganar tacewa. A matsayina na ɗalibin harshe, ina sha'awar wannan kalma da 'yan fim ɗin Hausa suka zaɓa wa aikin yanka hoto da sauti da jera su. Asalinta daga madafa ne, inda ake tace gasara da rariya ko mataci a zubar da dusa, kuma ita ce dai kalmar da ke cikin sunan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, ko da yake tacewar hukuma daban, ta ɗakin aiki daban. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, zamanin kaset ɗin bidiyo ake ciki, inda tacewa ke nufin kwafa daga wannan na'ura zuwa waccan, kuma kowane kwafi na rage wa hoto kyau. Yau kuwa matashi na iya zama a zaurensu da ɗan akwatin nan ya tace bidiyon biki, ko karatun malami, ko darasin makaranta, ko shirin da zai ɗora a YouTube. Manhajar Audacity ta gyaran sauti kyauta ce, kuma tana nan tun shekarar 2000. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya tana da samfurin kyauta da ya ishi mafi yawan masu tace bidiyo. Mu kuma masu nazarin harshe muna da Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira don auna sauti, da ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, wadda ke ba mutum damar rubuta kowace jimla daidai ƙarƙashin inda aka furta ta. Dukkansu ba a biyan ko kwabo.

Wani zai ce, ai wayar hannu ma tana yin wannan. Gaskiya ne, ga gajeren bidiyo na minti ɗaya ko biyu waya ta wadatar, kuma yaranmu sun gwanance a kai. Amma wanda zai zauna da hirar awa biyu yana bin ta kalma bayan kalma, ko ya jera fim mai tsawo, yana bukatar faffaɗan allo, da madannan da zai buga da yatsu goma, da ma'adana mai yalwa. Yana kuma bukatar rubuta Hausa yadda ta dace, da ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa, abin da manhajar Keyman ta kyauta ke sauƙaƙawa. Wanda ya rubuta “kasa” alhali “ƙasa” yake nufi, ko “bari” a gurbin “ɓari”, ya riga ya ɓata aikinsa tun kafin a karanta.

Sai dai ba zan zama ɗan talla ba, domin na'urar tana da nata rauni, kuma dole in faɗa. Babban rauninta shi ne rashin batir: da an ɗauke wuta ta mutu nan take, abin da ba a adana ba kuma ya tafi. Saboda haka duk wanda zai saye ta ya sa kuɗin UPS ko inbata a cikin lissafinsa tun farko, haɗe da sitabilaiza idan wutar unguwarsu mai hawa da sauka ce. Rauni na biyu shi ne zafi da ƙura. Ƙaramin akwati na nufin ƙaramar fanka, kuma idan ƙurar hunturu ta toshe ƙofofin iska, furosesa zai rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Maganin wannan shi ne a ɗora ta a wuri mai iska, a rufe ta da ƙyalle idan an kashe, a kuma riƙa busa mata ƙura lokaci-lokaci. Na uku, ba kowace ake iya ƙara wa ƙarfi ba. Ma'adanar wucin gadi ta Mac mini ta zamani, wato RAM, a haɗe take da furosesa, abin da mutum ya saya da shi zai zauna. Yawancin na ofis kuwa ana buɗe su da sukundireba a ƙara musu, kuma masu gyara a kasuwanni irin su titin Beirut da Farm Centre a Kano sun san kansu. Na huɗu, wanda sana'arsa ita ce zane mai motsi ko haɗa siddabarun fim mai nauyi, har gobe babbar kwamfuta mai katin hoto ce abokiyar aikinsa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga wanda zai shiga kasuwa, shawarata ita ce kada RAM ya gaza gigabayit 16 idan bidiyo zai tace, ko da yake 8 zai ishi mai aikin sauti da rubutu kawai. Ya tabbatar ma'adanarta SSD ce. Idan ta hannu zai saya, ya tambayi zubin furosesanta, domin kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Wadda ta gaza haka ba ta zama shara ba, ana iya ɗora mata Linux ta ci gaba da aiki, amma kada a biya kuɗin sabuwa a kanta. Ya kuma ƙirga ƙofofin jona kaya, ya sa a kunna ta a gabansa ta yi aiki na ɗan lokaci kafin ya miƙa kuɗi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Yanzu bari in koma ga kwalin da na fara da shi, domin shi ne gundarin maganata. Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kuma ba a ƙera shi don ya dawwama ba. Zafi da laima suna lalata sinadarin da ke riƙe da sauti a jikin zaren, sannan na'urorin da ke kunna shi da masu gyaransu suna ƙarewa. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa zuwa wajajen 2025 kwashe abin da ke kan irin waɗannan kaset-kaset zai daina zama aiki mai sauƙi. Wannan wa'adi ya riga ya cika. Mu kuwa al'umma ce da ta zuba dukiyarta mai yawa a kan kaset: tafsirin malamai, da waƙoƙin makaɗan fada da na noma, da wasannin kwaikwayon rediyo, da saƙon murya da 'yan ci-rani da mazauna Saudiyya ke aikowa gida, da bidiyon aurarraki da na hawan salla. Duk suna nan jibge a ƙarƙashin gadaje da saman sifuna, gara da ɓera na yi musu hidima.

Aikin ceton ba shi da wuyar fahimta, sai dai yana son haƙuri. Ana bukatar rikoda mai lafiya da aka goge mata kai, da ɗan abin da ke karɓar sauti ya shigar da shi kwamfuta ta ƙofar USB. Kaset mai minti 90, minti 90 zai ci, babu gajeriyar hanya, kuma a nan ne na'ura mai cin wuta kaɗan, mara ƙara, mai jure dogon zama take nuna amfaninta. A adana sautin a tsarin WAV wanda ba a matse ba. Masana adana sauti sun ba da shawarar kada a yi ƙasa da kilohaz 48 da bit 24, wanda ke cin kimanin gigabayit 1 a kowace awa, wato ma'adana mai terabayit 1 za ta ɗauki fiye da awa 900. Bidiyon ƙananan kaset na MiniDV kuwa yana cin kusan gigabayit 13 a awa. Kwafin farko kada a taɓa shi da sunan gyara, a yi tacewar a kan na biyu. Dalili shi ne, Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. “Kuka” na ido da “kuka” ta miya iri ɗaya ake rubuta su, haka “gari” na mutane da “gari” na tuwo; murya ce kaɗai ke raba su. Wanda ya matse sauti ko ya kankare shi fiye da kima don kawar da hayaniya yana iya tafiya da hujjar da manazarci na gobe zai nema.

Bayan haka, a rubuta sunan mai magana, da garinsu, da shekarar ɗauka, da wanda ya ɗauka, gwargwadon abin da aka sani, a kuma nemi yardar iyalansa kafin a yaɗa. Sannan a yi kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a ajiye ta a wani gida daban. Kwamfuta ma na mutuwa, ɓarawo na shiga, gobara na tashi. Wanda ya kwashe kaset ɗari ya zuba a wuri guda, ya dai sauya wa hatsarin mazauni ne kawai.

Kirana a nan ga ɓangarori uku ne. Ga sassan nazarin harsunan Najeriya na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi, kuɗin da ake kashewa a walimar taro guda ya isa a kafa ɗan ɗakin kwashe kaset mai ƙananan kwamfutoci biyu ko uku a kan sola, ɗalibai su koyi sana'a, sashe ya sami taska. Ga gidajen rediyo da talabijin masu tsofaffin ɗakunan ajiya, su tuna cewa abin da ke hannunsu gadon al'umma ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ga iyaye kuma, musamman masu halin saya wa yaro waya mai tsada, su yi tunanin ajiye irin wannan na'ura a falo, inda kowa ke ganin abin da ke kan allo, inda wa da ƙane za su yi karɓa-karɓa, inda yaro zai tashi daga mai kallon abin da wasu suka shirya ya zama mai shirya nasa. Aikin farko da za a ba shi kuwa, ya je ya zauna gaban kakarsa da na'urar ɗaukar murya tun tana da rai.

Ni dai na samu wani dattijo mai gyaran rediyo ya warware mini zaren nan da ya tsinke, ya liƙe shi da haƙuri. An rasa 'yan daƙiƙoƙi a tsakiya, amma tsohuwar ta ƙarasa labarinta, kuma yanzu muryarta na ajiye a wuri uku. Da na kai wa malamina ya saurara, bai ce komai ba sai da ta kai ƙarshe, sannan ya tambaye ni saura kaset nawa. Na ce masa da sauran aiki, ya ce to a ci gaba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Amin.